Ɗan Zuhudu a Teburin Dungeons & Dragons: Yadda Za Ka Ci Moriyarsa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Caina ya san mutumin nan: kai a aske ƙwal, riga ruwan goro, ya shigo fili hannu rabbana, ya watsa ƙarti goma masu takubba. Wannan hoton ne ke jan sabon ɗan wasa. Ranar da ya fara zama a teburin Dungeons & Dragons, aka ce ya zaɓi irin jarumin da zai ja, sai ya tsallake mayaƙi, ya tsallake matsafi, ya ɗora yatsa a kan Monk, wato ɗan zuhudu mai faɗa da hannu da ƙafa. Bayan zama uku sai ka ji ƙorafi ya tashi. Jaruminsa ake fara kwantarwa a kowane faɗa, dukansa bai kai na mai gatari ba, kuma kafin a kai tsakiyar tafiya duk dabarunsa sun ƙare.

Ƙorafin yana da tushe, zan kuma nuna shi da lissafi. Amma rabin laifin na yadda ake jan jarumin ne. Ɗan zuhudu ba bango ba ne, ba kuma guduma ba. Aikinsa ya isa wurin da sauran ba za su iya isa ba, ya riski mutumin da ya fi kowa haɗari a cikin maƙiya, ya hana shi motsi. Wanda ya gane haka zai ji daɗinsa. Wanda bai gane ba zai yi ta neman sabuwar takardar jarumi.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, ɗan zuhudu kuma ya shigo a 1975 cikin ƙarin littafin da ake kira Blackmoor, daidai lokacin da zazzaɓin kunfu ya kama Amurkawa, shekara biyu bayan fim ɗin Bruce Lee, Enter the Dragon. Yau wasan yana hannun kamfanin Wizards of the Coast. Abin da zan yi bayani a kai shi ne bugu na biyar na 2014, wanda tebura da yawa ke bi har yanzu, sannan in zo kan gyaran da aka yi a 2024, don ya canza maganar sosai.

Ga wanda bai taɓa zama ba, ga yadda abin yake a taƙaice. Mutum ɗaya ne ke jan labari, shi ke riƙe da dodanni da maƙiya, sauran kowa da jaruminsa. Idan za ka kai duka, ka jefa dayis mai fuska 20, ka ƙara lambarka. In jimillar ta kai lambar kariyar abokin gaba, ka same shi. Kowane jarumi yana da jini, wato makin da ke raguwa in an dake shi. A layinka kana da tafiya, da babban aiki ɗaya, da wani ƙaramin aiki da ni nake kira gyara, kamar wanda mai awo ke ɗora maka a kan mudu. Rayuwar ɗan zuhudu gaba ɗaya a kan gyaran nan take.

Mu fara da gini. Kowane jarumi yana da siffofi shida, amma uku ne naka: zafin nama, basira, da juriya. Zafin nama shi ke sa dukanka ya samu, ya kuma yi zafi. Basira ita ke sa dabarunka su kama. Kariyarka kuwa, tun da ba ka sa sulke ba ka riƙe garkuwa, ita ce 10 a haɗa da ƙarin zafin nama da ƙarin basira. Juriya ce ke ƙara maka jini. Idan teburinku na amfani da tsarin sayen maki 27, zuba 15 a zafin nama, 15 a basira, 14 a juriya. Maki 25 ke nan sun tafi. Biyun da suka rage ka kai ƙarfi 10, ka bar kaifin ƙwaƙwalwa da kwarjini a 8, kada ka ji kunya. Ba kai za a tura neman aure ko ciniki ba. A dokar 2014, jinsin da ya fi dacewa shi ne elf na daji, don yana ƙara 2 a zafin nama, 1 a basira, tafiyarsa kuma ƙafa 35 ce maimakon 30. Da haka za ka fara da 17, 16, 14: kariya 16, jini 10.

Yanzu dubi maƙwabcinka mayaƙi. Tun ranar farko yana da sulken sarƙa da garkuwa, kariyarsa 18. Ranar da ya tara zinari 1,500 ya sayi cikakken sulken ƙarfe, ya kai 20. Kai kafin ka kai 20 da jikinka kaɗai, sai ka cika zafin nama da basira duka zuwa 20, kuma jarumi yana girma ne mataki-mataki, ana ba ka ƙarin maki ne a mataki na 4, 8, 12, 16 da 19. Wato sai mataki na 16 za ka kamo abin da shi ya saya da kuɗi tun yana yaro. Jininka ma bai kai nasa ba: a mataki na 5, da juriya iri ɗaya, kai 38, shi 44. Wannan shi ne dalilin da ya sa tsayawa gaba-da-gaba da ƙaton dodo ana musayar duka ba naka ba ne. Shi kuma ya sa nake hana sabon ɗan zuhudu ɓata ƙarin makinsa a kan baiwoyi na gefe. Guda ɗaya na yarda da ita, wadda ake kira Mobile: tana ƙara ƙafa 10 a tafiyarka, kuma duk wanda ka kai wa duka a layinka, ko ka same shi ko ka kuskure, ba ya samun damar sararka idan ka juya ka tafi. Ko ita ma, bari sai zafin nama ya kai 18.

Ɗauki sanda. Na san a fim jarumi hannu yake amfani da shi, amma a matakan farko naushinka dayis mai fuska 4 ne kawai, sai a mataki na 5 ya zama mai 6, a na 11 mai 8, a na 17 mai 10. Gora ko mashi, in ka riƙe da hannu biyu, mai fuska 8 ne tun ranar farko, kuma ba ya hana ka gyaran naushi. Babban aikinka da sanda, gyara da ƙafa ko gwiwar hannu. Sai ka kai mataki na 11 sanda da naushi suke zama ɗaya. Ka riƙe ƙananan mashin jifa ma a ɗamara, don akwai ranar da abokin gaba zai tashi sama ya bar ka kana kallo.

A mataki na 2 ake ba ka ki, ƙarfin cikin jiki da dabarunka ke ci. Yawansa daidai da matakinka: mataki na 5, ki biyar. Abu uku yake saya da farko, kowanne da ki ɗaya, kowanne kuma yana cinye gyaranka. Na farko ruwan naushi, wanda littafin ya kira Flurry of Blows, naushi biyu a maimakon ɗaya. Na biyu kaucewa, wadda ke sa duk mai kai maka hari ya jefa dayis biyu ya ɗauki ƙarami har layinka ya dawo. Na uku takun iska, wanda ke ninka tafiyarka, ko ya ba ka damar zamewa daga tsakiyar maƙiya ba wanda ya taɓa ka.

A nan ne mafi yawan mutane ke talauta kansu. Ruwan naushi yana da daɗi, ka jefa dayis huɗu kowa na kallo. To amma yi lissafi a mataki na 5, da zafin nama 18. A wannan matakin babban aikinka duka biyu ne: sanda biyu, kowace a tsakaice 8.5, sun ba ka 17. Gyaran naushi na kyauta 7.5, jimilla 24.5. In ka kashe ki ɗaya ka yi ruwan naushi, ka kai 32, in duk sun samu ke nan. Ki ɗayan nan ya saya maka naushi ɗaya tal, maki bakwai da rabi, shi ma in bai kuskure ba. Ba laifi ba ne a yi shi idan dodo ya kusa faɗuwa kana so ka ƙarasa shi kafin layinsa. Amma wanda ke yin sa a kowane zagaye, ya ƙarar da jarinsa a faɗan farko da 'yan barandan bakin ƙofa, ya shiga wurin uban gidansu aljihu wayam.

Abin da ya cancanci ki shi ne dukan suma, Stunning Strike, da ke zuwa a mataki na 5. Idan ka sami mutum da duka, sai ka kashe ki ɗaya, shi kuma ya yi jifan tsira da juriyarsa. In ya faɗi, ya sandare har ƙarshen layinka na gaba: ba aiki, ba tafiya, ba martani, wato abin da mutum ke yi a wajen layinsa. Duk wanda ya kai masa hari zai jefa dayis biyu ya ɗauki babba. Jifan tsira na ƙarfi da na zafin nama kuwa ya faɗi tun bai jefa ba, don haka matsafin ƙungiyarku na iya sakar masa ƙwallon wuta ya sha ta cikakkiya. In kuma shi matsafi ne da ke riƙe da wani tsafi da hankalinsa, tsafin ya warware nan take. Ka lura, sai bayan ka ga duka ya samu kake biya, ba kafin ba.

Wa za ka doka da shi? Nan ne gwaninta take. Lambar da za a tsallake ita ce 8, a ƙara ƙwarewarka, wato lambar da ke tashi da matakinka, a ƙara basira. A mataki na 5 da basira 16, 14 ke nan. Ƙaton dodon nan da ake kira ogre yana da ƙarin 3 a juriya, yana buƙatar 11 zuwa sama, wato rabi da rabi. Matsafin da ke cikin littafin dodanni na 2014 ba shi da ƙarin komai a juriya, sai ya jefa 14 zuwa sama, saboda haka sau 13 cikin 20 zai faɗi. Jininsa 40 ne kacal, ga shi shi ne zai iya ƙona ku duka a zagaye ɗaya. To ina yake tsayawa? Can baya, bayan layin masu sulke, inda mayaƙinku ba zai isa ba sai ya sha sara uku. Kai kuwa, elf na daji a mataki na 5, da ƙarin tafiyar da ɗan zuhudu ke samu, yana tafiyar ƙafa 45, da takun iska 90. Ka zagaye layin, ka dira a gabansa, ka kai sanda biyu, ka nemi suma. Wannan shi ne aikin da aka gina ka dominsa. Maharba, masu tsafi, mai busa ƙahon kiran agaji, wanda ya ɗauki abin da kuka zo nema zai gudu da shi, duk naka ne.

Sai dai kada ka manta da dawowa. Na taɓa jan wani ɗan zuhudu da ya yi irin wannan tsallen, ya sumar da matsafi, tebur ya ɗauki tafi, sannan na duba takarda na ga ki ya ƙare, ga maharba huɗu sun juyo, abokaina kuma suna nesa da ƙafa 80. Zagaye biyu aka yi ana jan gawata. Tun daga ranar, ki na ƙarshe ba na taɓa shi. Kuɗin motar komawa gida ne. Idan dole ka kwana a tsakiyar maƙiya, kaucewa ta fi ruwan naushi daraja nesa ba kusa ba. Game da kibiya ɗaya dai kana da magani tun mataki na 3: da martaninka kana rage zafinta da dayis mai fuska 10, a ƙara zafin nama, a ƙara matakinka, in ta koma sifili ma ka cafe ta. Amma martani ɗaya ne a zagaye. Kibiya ta biyu da ta uku za su shiga.

Manyan dodanni wani labari ne. Babban jan dragon yana da ƙarin 13 a jifan juriya, ga kuma ikon da ke ba shi damar mayar da faɗuwa nasara sau uku a rana. Zuba masa ki kamar zuba ruwa a rariya ne, sai fa in kun shirya da matsafinku cewa kai za ka ƙarar da ukun nan don tsafinsa ya kama daga baya. In ba haka ba, ka bar shi da masu sulke, ka share yaransa.

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a takardar jarumi ba, amma shi ya fi komai yanke ƙarfin ɗan zuhudu: hutu. Ki yana dawowa gaba ɗaya bayan gajeren hutu na awa ɗaya, muddin ka yi rabin awar a zaune kana tattara hankali. Littafin mai jan labari na 2014 ya gina lissafinsa a kan faɗa shida zuwa takwas a rana da gajeren hutu kamar biyu. A irin wannan ranar, ɗan mataki na 5 yana da ki 15, matsafi kuwa dole ya yi tsimin tsafinsa, don mafi yawansa sai an kwana yake dawowa. Amma tebura da yawa ba haka suke wasa ba. Faɗa ɗaya babba ake yi a rana, kowa ya zazzage abin da yake da shi, a je a kwanta. A wannan teburin kai ki biyar gare ka, matsafi kuma yana wasa da dukiyar yini guda cikin minti ɗaya. Shi ya sa za ka ji mutum biyu suna gardama, ɗaya na cewa ɗan zuhudu ya fi ƙarfi, ɗaya na cewa ba shi da amfani, kuma kowa gaskiyar teburinsa yake faɗa. Kafin ka zaɓe shi, tambayi mai jan labari kai tsaye: faɗa nawa muke yi kafin a kwana, kuma kana barin a huta? In ya ce ɗaya, ka sake tunani. In kun shiga wasa kuwa, kai ne za ka riƙa cewa a zauna a sha ruwa. Mayaƙi zai goya maka baya, shi ma wasu dabarunsa da gajeren hutu suke dawowa.

A mataki na 3 za ka zaɓi ɗariƙa. Littafin 2014 ya kawo uku. Ta buɗaɗɗen hannu ita nake ba sabon shiga, don ita ce ke mayar da ruwan naushi abin da ya cancanci kuɗinsa: duk naushin da ya samu, kana iya neman ka kayar da mutum ƙasa, ko ka tura shi ƙafa 15, ko ka hana shi martani. Na ƙarshen nan ba ya buƙatar jifan tsira, kuma yana nufin ka doke shi ka yi tafiyarka lafiya. Idan kuna faɗa a bakin rami ko kan gada, turawar nan ta fi kowane duka. Ta inuwa kuwa ta masu son sanɗa ce. Da ki biyu kana saukar da duhu, ko shiru, ko ka ɓoye sawun ƙungiyarku duka, kuma daga mataki na 6 kana ɓacewa daga wata inuwa ka ɓullo a wata mai nisan ƙafa 60 ba tare da ka kashe ki ba. Shirun nan, in ka sauke shi a kan matsafi, ya hana shi duk tsafin da sai an furta. Ta uku, ta sinadarai huɗu, ka bar ta. Tana sayar maka da ƙananan tsafi da tsada daga aljihun da dama bai ishe ka ba. In teburinku na karɓar littafin Tasha na 2020, ɗariƙar jinƙai da ke cikinsa tana da kyau, tana warkarwa tana kuma cutarwa da hannu ɗaya.

To yaya ƙarfinsa yake in an auna? A ganina, daga mataki na 1 zuwa na 4 yana da kaifi amma fatarsa sirirya ce. Daga na 5 zuwa wajen na 10 lokacinsa ne, ba wanda zai raina shi. Daga na 11 sai ƙafa ta fara ja. Mayaƙi yana samun sara na uku a wannan matakin, kai kuwa dayis ɗin naushinka ne ya tashi daga 6 zuwa 8, ƙarin maki ɗaya a kowane naushi. Masu manyan makamai suna da baiwar da ke ƙara 10 a kowane sara in sun yarda su rage 5 a saiti, kai ba ka da rabo a ciki. Takubban tsafi sun cika littafi, kayan mai naushi kuwa 'yan kaɗan ne. In ka ga awarwaron kariya da ke ƙara 2 ga marar sulke, ka roƙi abokanka su bar maka. Abin da ake biyanka da shi a sama tsira ce. A mataki na 7 kana fita daga ƙwallon wuta ba ƙwarzane in ka ci jifanka. A na 9 kana gudu a jikin bango da kan ruwa. A na 14 kana ƙware a jifan tsira duka shida, kana kuma sake jifa da ki ɗaya. Da wuya a kashe ka da tsafi, amma kai ma ba ka kashewa da sauri.

Gyaran 2024 ya taɓa kusan duk inda ke ciwo. An canza wa ki suna zuwa makin natsuwa. Naushi yana farawa da dayis mai fuska 6, ya ƙare a mai 12. Ninka tafiya da zamewa sun zama kyauta a gyara, sai in kana son haɗa biyu kake biya. Sau ɗaya a rana, a farkon faɗa, kana iya cika makinka duka ka kuma ƙara jini, wanda ya rage dogaro da hutun nan. Tare kibiya ya faɗaɗa ya haɗa da sara da duka na kusa, wannan kuwa shi ne babban abin da ya sa yanzu kana iya tsayawa gaban ƙato na ɗan lokaci. A mataki na 10 ruwan naushi ya zama uku. An rage dukan suma: sau ɗaya a layi, kuma yana warwarewa a farkon layinka na gaba. Amma ko mutum ya tsira, tafiyarsa ta ragu da rabi, kuma mai kai masa hari na gaba zai jefa dayis biyu ya ɗauki babba, don haka makinka bai tafi a banza ba. A wannan bugun ƙarin siffofi daga asalin jarumi yake zuwa, ba daga jinsinsa ba, saboda haka nemi asalin da ke ba da zafin nama da basira.

Wanda ya san ɗan zuhudu ta wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, da kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, zai yi mamakin duk wannan ƙorafin, don a can yana cikin waɗanda suka fi kowa ɓarna. Dalilan a fili suke. Wasan yana tsayawa a mataki na 12, kafin rauninsa ya bayyana sosai. Gajeren hutu danna maɓalli ne, sau biyu kafin kowane kwana. An zuba safar hannu da kayan masu naushi. Sannan an sauya baiwar Tavern Brawler ta yadda ƙarin ƙarfi ke shiga sau biyu a saiti da zafin naushi, sai mutane ke gina shi a kan ƙarfi, ko su sha maganin ƙarfin ƙattai kowace safiya. Kada ka ɗauko wannan ginin ka kawo tebur. A littafi baiwar ba ta yin haka, kuma za ka tsinci kanka da kariya 13 a gaban ogre mai kulki.